Ina ba anthurium ɗina ruwa kullum, amma yana ta bushewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta kawo mini fulawar anthurium, mai jan furen nan mai siffar zuciya. Tun shigowar hunturu bakin ganyenta yake bushewa, sai na koma ba ta ruwa safe da yamma. Yanzu ganyen ƙasa sun fara rawaya, fure kuma ya tsaya. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Don Allah ki ajiye butar nan tukuna, domin ruwan ne yake kashe ta.

Asalin wannan tsiro dazuzzukan ƙasashen Kolombiya ne da Ekwado a Kudancin Amurka, inda yake maƙale a jikin bishiyoyi, saiwoyinsa a waje suna shan iska mai laima. Ruwan sama ya jiƙa su, ya wuce. To ke kin haɗa mata akasin haka: ƙasa jagab, iska kuma a bushe ƙayau. Tana son laimar iska ta kai kamar kashi 60 cikin ɗari, a hunturun Kano kuwa takan sauka ƙasa da 20. Bushewar bakin ganye daga nan take. Rawayar kuma alamar saiwa ce ta fara ruɓewa.

Yau ɗin nan ki zare ta daga tukunyar ki duba. Lafiyayyar saiwa kauri gare ta, fara ko mai ɗan ja, da tauri a hannu. Wadda ta yi baƙi, tana narkewa tsakanin yatsu, tana wari, ki yanke ta da almakashi mai tsabta. Kada ki mayar da ita cikin jar ƙasa ko ta lambu, tana daskarewa ta shaƙe saiwa. Ni abin da nake haɗawa shi ne ɓawon bishiya da aka farfasa, da gutsattsarin gawayi, da zaren ɓawon kwakwa, da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Tukunyar lallai ta kasance da huda a gindi. Daga nan kafin ki ba ta ruwa, ki tura yatsa har gaɓa ɗaya. In da danshi, ki bar ta. Ruwan burtsatse mai barin farin gishiri a saman ƙasa shi ma yana ƙona bakin ganye, gara wanda kika tara na sama in kina da shi.

Maganin bushewar iska kuwa, ki zuba tsakuwa a faranti, ki sa ruwa, ki ɗora tukunyar a kai ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Ki haɗa ta wuri ɗaya da sauran fulawowinki, nesa da fanka da AC. Ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle. Haske take so ta bayan labule, rana tsaka tana ƙona ta, sanyin da ya gaza digiri 15 kuma yana wahalar da ita, saboda haka ki rufe taga da dare. Taki ki dakata da shi har sai sabon ganye ya fito, fure zai biyo baya.

Abu ɗaya da ba na so ki manta: anthurium dangin gwaza ce, kuma sinadarin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi yana jikinta. Yaro ya tauna ganyen, bakinsa zai yi zafi ya kumbura. Ki ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa, ki kuma wanke hannu bayan kin yanke saiwoyin.