Kwamfutarka ta kasa samun adireshi? Kada ka rubuta mata da hannu

Tambaya: Malam, kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta daina shiga intanet, alhali wayoyin gidan duka suna aiki a kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba mana Wi-Fi. Na ga wani bidiyo da aka ce in rubuta adireshin IP da hannu, wato lambar da rauta ke gane kwamfutar da ita, na sa 192.168.1.5. Kwana biyu ta yi lafiya lau, yanzu kuma sai tsinkewa, har wayar uwargida ma ta fara. Me ya faru?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗakin da ba a ba ka mabuɗinsa ba ka kutsa. Wannan ɗabi'a ta kwafo lamba daga bidiyo a liƙa wa kwamfuta tana ƙona mini rai, domin kusan kowane mako sai na sami irin wasiƙarka, kuma kowa da "ai da farko ta yi aiki" yake farawa.

Bari in faɗa maka abin da mai bidiyon ya tsallake. A cikin rautarka akwai wani tsari da ake kira DHCP, shi ne mai rabon lambobi. Duk na'urar da ta shigo sai ta yi sallama ta nemi lamba, rauta ta yi mata tayin guda, ta ce ta karɓa, sannan rauta ta rubuta a littafinta cewa wannan lamba tana hannun wane. Aro ne na ɗan lokaci, galibi kwana ɗaya, idan wa'adi ya gabato a sabunta. Kai da ka ɗauki 192.168.1.5 ba tare da an ba ka ba, sunanka ba ya cikin littafin. Ranar da rabo ya zo kan lambar, sai aka miƙa wa wayar uwargida. Na'ura biyu, lamba ɗaya: saƙon da aka aiko maka ya tafi wurinta, nata ya zo wurinka. Ka je ka ba ta haƙuri, wayarta ba ta da laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne lambar hannu rufe ciwo take yi, ba ta warkar da shi. Dalilin da ya hana kwamfutar samun adireshi tun farko yana nan daram. Kuma ranar da ka ɗauke ta zuwa inda rautarsu ke raba lambobi masu farawa da 192.168.0, za ta yi tsit, kai kuma ka manta abin da ka taɓa, ka fara zagin kamfanin da ya ƙera ta.

To, koma inda ka rubuta lambar ka mayar da komai kan samu da kansa, har da DNS, mai fassara sunayen shafukan intanet zuwa lambobi. Buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka buga ipconfig. Ni kam ba na taɓa komai a kwamfuta kafin in ga abin da wannan umarni ya nuna, kuma ina so ya zama jikinka. Idan adireshin ya fara da 169.254, Windows ce ta laƙaba wa kanta bayan ta yi ta sallama ba a amsa ba. Zare rauta daga wuta, ka ƙirga daƙiƙa talatin, ka mayar. In ta gama tashi, buga ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Har yanzu shiru? Shiga services.msc, jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, ka tabbatar DHCP Client, mai nema wa kwamfutar lamba, yana gudana. In yana yi, buɗe Command Prompt da ikon shugaba (Run as administrator) ka buga netsh winsock reset, ka biyo da netsh int ip reset, ka kashe kwamfutar ka kunna. Daga nan sai shafin saitin rauta: duba ko lambobin da take rabawa sun ƙare, ko wani ya kunna tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita, ya bar taka a waje.

Idan kuma da gaske kana buƙatar lambar da ba ta canzawa, kamar don firinta, a shafin rauta ake keɓe ta, don mai rabon ya san da zamanta.

Tambaya: Wayata ta Android tana tsayawa a kan "Obtaining IP address", ba gaba ba baya.

Amsa: Hajiya, sa wayar ta manta da wannan Wi-Fi, ki sake shiga. In ta ƙi, kashe rauta ki kunna. Sannan ki ƙirga mutum nawa kika ba kalmar sirri. Ƙananan rautocin aljihu suna da iyakar adadin da suke ɗauka, ke kuma da alama kin mayar da taki rijiyar unguwa. Canza kalmar.

Tambaya: In soka tsinke a ƙaramin ramin bayan rauta, zai gyara?

Amsa: Ajiye tsinken nan. Wannan rami yana goge sunan Wi-Fi da kalmar sirri, a wasu rautocin har da bayanan shiga da kamfanin intanet ya saka maka. In ba ka rubuta su a takarda ba, ka ƙara wa kanka aiki.

Tambaya: Kwamfutata ta tebur ce, da kebul na haɗa ta da rauta, tana cewa ba a gane hanyar sadarwar ba.

Amsa: Leƙa bayanta. In ƙaramar fitilar da ke bakin ramin kebul ba ta kamawa, canza kebul ɗin, ko ka gwada wani rami a rauta. Ka kuma tabbatar ba a ramin WAN ka soka ba, wanda yawanci launinsa ya fita daban. Ta nan intanet ke shigowa, kwamfutarka kuwa a sauran ramukan, wato na LAN, take zama.