Amsa kan tafiyar da asalin jarumi a wasan labari na tebur

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka yi da ɗan wasan da ya rubuto maka shafuka yana cewa jaruminsa ɗan sarki ne wanda ya taɓa jagorantar yaƙi, saboda haka a riƙa ƙara masa maki a duk jifan dayis. Mu da muke zaman wasa a Samaru mun sha haɗuwa da irin wannan, kuma ra'ayina shi ne ka raba makin da asali (wato tarihin jarumi kafin a fara wasa) ke bayarwa, wanda doka ta ƙayyade, da alfarmar da yake jawowa cikin labari, wadda take hannunka kai mai jan wasa.

Batun maki ba ya buƙatar jayayya. Idan wasan labarin nan mai suna Dungeons & Dragons kuke yi, bugu na biyar na 2014 ya ba kowane asali ƙwarewa biyu, da sanin wani yare ko kayan sana'a, da ɗan guzuri, da alfarma guda, kamar matuƙin jirgin ruwa da ake ɗauka a jirgi ba tare da ya biya kuɗin tafiya ba. A matakin farko ƙwarewa maki 2 kacal take ƙarawa a kan dayis mai fuska 20. Gyaran 2024 ya sa asali ne ke ba da ƙarin makin ƙarfi, hankali da sauransu, wato 2 a wuri ɗaya da 1 a wani, ko kuma 1 a wuri uku, wanda hakan ya sa wasu ke zaɓen asali don lamba kawai. Ko wanne kuke bi, tsawon rubutu ba ya ƙara ko maki ɗaya, kuma gara a faɗi haka tun zaman farko.

Inda nake so ka ba da ƙarfi shi ne wurin da ba a jefa dayis sam. Labarinmu muna yin sa ne a wata ƙirƙirarriyar ƙasa mai kama da Zazzau ta dā, da ganuwa da ƙofofi da ayarin fatake. Wani cikinmu jaruminsa baduku ne. Da suka tsinci kuben wuƙa a inda aka tare ayari, ban sa shi jifa ba. Na ce masa yana juya kuben ya gane ɗinkin, zare biyu a harɗe, irin na gidan da ya koyi sana'a. Nan take teburin ya yi tsit, domin yanzu maigidansa ne abin zargi, shi kuma dole ya zaɓa ko ya faɗa wa abokan tafiya ko ya rufa asiri. Babu makin da zai ba ɗan wasa irin wannan matsayi a cikin labari.

Haka za ka yi wa ɗan sarkin naka. Ka amince da asalinsa, amma ka tambaye shi abin da ya fitar da shi daga fada, da dalilin da ya sa mai jagorantar yaƙi ya dawo matakin farko, da wanda har yanzu yake nemansa. Dogarai su gane shi su buɗe masa ƙofa ba tare da jifa ba, sai dai kafin magariba labarin isowarsa ya kai kunnen baffansa mai neman sarauta. Kowace alfarma ta zo da wani mai rai da zai biyo bashi. Idan kuma ya bi raunin halin da ya rubuta wa jaruminsa har ya jawo wa kansa wahala, doka ta ba ka damar saka masa da jifan dayis biyu ya ɗauki mafi girma.

In har 'yan teburinka sun fi son asali ya yi tasiri a lamba, ku duba tsarin wani wasan labarin mai suna 13th Age na 2013, inda ɗan wasa ke raba maki 8 a kan asalin da ya rubuta da kansa, ba ya wuce 5 a guda, kuma sai ya bayyana yadda asalin ya shafi abin da yake ƙoƙarin yi kafin a ƙara masa.

Kada ka manta da mai shiru-shiru wanda layi uku kawai ya rubuta. Ni ina da takardar da nake rubuta asalin wanda aka taɓo a kowane zama, kuma ba na komawa kan mutum ɗaya sai an zagaya kowa.