Tambayi Mai Gyara: Telekomandi Ba Ya Ratsa Katako

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan ƙaramar Sallah maigidana ya sa kafinta ya yi mana kabad na katako a falo, saboda ƙura da kuma yara masu taɓe-taɓe. Muka zuba dekodar Canal+ da ampli na lasifikoki da na'urar DVD a ciki, tele kuwa tana manne a bango. Tun daga ranar telekomandi ba ya aiki sai an buɗe ƙofar kabad ɗin. Na canza pil har sau biyu. Ga kuma wata tele a ɗakina da aka jawo mata igiya daga dekodar falo, in ina son canza tasha sai na taso ko na aiki yaro. Telekomandin ne ya lalace, ko akwai wata dabara? — Wata uwargida, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Telekomandinki lafiyarsa lau, ki bar yin asarar kuɗin pil. Ƙofar kabad ce ta shiga tsakani.

Abin nan da muke kira telekomandi, maƙwabtanmu na Katsina su ce rimot, tocila ce kawai. Ki duba bakinsa, za ki ga ɗan ƙwai kamar ƙwayar gero. Duk lokacin da kika danna, wannan ƙwan yana haske, sai dai hasken yana can gaba da ja, inda idon mutum ba ya kaiwa. A ma'aunin zangon haske da ake kira nanomita, idonmu yana tsayawa wajen 700, shi kuma yana wajen 940. Sunansa infrared, a jikin kaya ana rubuta shi IR. In kina so ki gani da idonki, ki buɗe kyamarar wayar hannu, ki saita bakin telekomandin a gabanta, ki danna. Za ki ga yana ƙyaftawa da wani fari mai ruwan shuni. In kyamarar baya ba ta nuna ba ki gwada ta gaba, don wasu wayoyin suna tace irin wannan hasken. Ni da wannan gwajin nake sallamar yawancin masu kawo mini telekomandi shago suna cewa ya mutu.

Duk abin da zai tare hasken tocila zai tare shi. Ba ya ratsa katako, ba ya ratsa bango. Amma yana wuce gilashi mai haske, yana kuma dawowa in ya bugi madubi ko farin bango. Shi ya sa wani lokaci za ki nuna shi sama wajen silin ki ga tasha ta canza.

Don haka hanya mafi araha tana hannun kafintan da ya yi aikin. Ki kira shi ya yanke tsakiyar ƙofar ya sa gilashi, ko ragar sauro irin ta taga. Ni raga na fi so, dalilina kuwa zafi ne. A watan Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, ampli kuma shi kansa murhu ne. An sha kawo mini dekoda daga cikin rufaffen kabad, in taɓa bayanta kamar kaskon waina, mai ita yana cewa haka kawai take kashe kanta. Ko wace dabara kika zaɓa, a huda bayan kabad ɗin sama da ƙasa, kada kuma a ɗora dekoda a kan ampli. Ƙurar da kike gudu tsumma ke maganinta, zafi kuwa sai sayen sabuwa.

In kuma maigida ya ce ba mai taɓa masa ƙofa, ya biya kuɗin katako mai kyau, to akwai ɗan kayan da aka yi don wannan matsala. Ki aika wajen masu sayar da kayan lantarki a babbar kasuwa, a ce ana son IR repeater, wasu kwalayen an rubuta IR extender. In babu, masu zuwa sari Kano za su iya taho miki da shi. Gida uku ne. Akwai ido, ɗan baƙin abu da bai fi kan yatsa ba, shi ake mannawa a waje, a ƙasan tele ko a gefen kabad, yana kallon kujeru. Akwai ƙaramin akwati da ke zama a ciki, yana shan wuta ta USB ko ta caja mai bolt 12. Sai ƴan ƙwayaye masu siraran igiyoyi, kowane da gam a bayansa, ana liƙa ɗaya a fuskar dekoda, ɗaya a ampli, ɗaya a DVD. Idon waje ya karɓi saƙo, ya miƙa ta igiya, ƙwayayen ciki su maimaita shi. Ɗan aike ne, bai san abin da ke cikin wasiƙar ba, shi ya sa ba ruwansa da sunan kamfanin da ya yi na'urar.

Wurin liƙa ƙwayayen nan ne ake shan wahala, kuma ni kaina na sha ta. Farkon da na haɗa irinsa a gidan wani Alhaji a unguwar Zariya, na liƙa ƙwan a kan lambobin da ke nuna tasha, don a zatona nan ne idon dekodar yake. Na fi awa ɗaya ina cirewa ina mayarwa, gumi yana ɗiga a kan kafet, Alhaji yana zaune yana jan carbi bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Daga ƙarshe na haska tocilar waya a kan baƙar robar gaban dekodar, sai ga idon can gefen dama, ɗan murabba'i mai duhu, yatsa uku daga inda nake ta fama. Ki sa a haska tukuna, a gano shi, a riƙe ƙwan da hannu a gwada, sannan a ɓare takardar gam ɗin. Gam ɗin sau ɗaya yake kamawa da kyau.

Abu biyu za a duba a jikin kwali kafin a biya. Na farko, hasken telekomandi ba a tsaye yake ba, ƙyaftawa yake, yawanci sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya. Na Sony sau 40,000 ne, tsarin Philips 36,000, wasu dekododi kuma 56,000. A nemi wanda aka rubuta yana ɗaukar daga 30 zuwa 60 kHz, wato ƙyaftawa sau 30,000 zuwa 60,000 a daƙiƙa, kada a wayi gari ampli yana ji dekoda ta yi kunnen ƙashi. Na biyu, in mai USB ne, kada a soka shi a bayan tele in ana son kunna ampli tele tana kashe, domin teloli da yawa suna yanke wutar USB da zarar an kashe su. Cajar waya a soket ta wadatar.

Kafin ma a sayi komai, a leƙa cikin saitin tele. In da igiyar HDMI, mai ɗauke da hoto da sauti tare, aka haɗa, akwai wani tsari da ke barin telekomandin tele ya juya ampli ko DVD ta cikin igiyar. Samsung suna kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Ba kowace na'ura ke amsawa ba, amma gwaji kyauta ne.

Batun ɗakinki kuwa ya danganta da igiyar da aka jawo. In HDMI ce aka tsawaita ta igiyar intanet da ƴan akwatuna biyu, ki duba jikinsu, da yawa suna da ƴan ramuka da aka rubuta IR, ido da ƙwai kawai za a soka. In ba haka ba, igiyar idon nan da na faɗa ana iya ƙara mata tsawo ta bi bango har ɗaki. Akwai kuma marasa igiya, guda biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a falo, suna mayar da hasken zuwa zangon rediyo ya ratsa bango. Suna aiki, amma ginin siminti mai rodi yana rage musu ƙarfi, ni igiya na fi amince wa. Sai dai Hajiya ki sani, dekoda ɗaya tasha ɗaya take bayarwa. Ranar da kika danna daga kan gado maigida yana tsakiyar kallon ƙwallo a falo, kada a ce ni na haɗa ku.

TAMBAYA: Malam, gidan kallon ƙwallo gare ni. Dekoda biyu iri ɗaya nake da su don nuna wasa biyu lokaci guda, amma in na danna sai duka biyun su canza, ƴan kallo su yi ca a kaina. Da dare kuma in an kunna fitila sai na matso dab kafin telekomandin ya yi aiki. — Wani matashi daga Tibiri

AMSA: Ƙanena, dekododin naka yare ɗaya suke ji, duk wadda ta hango hasken za ta amsa. Ka raba su, ɗaya gabas ɗaya yamma. In wuri bai isa ba, ka yanko bututun roba ko ka naɗe kwali kamar tsawon yatsa, ka baƙanta cikinsa, ka manna a kan idon kowace dekoda. Daga nan sai wadda ka saita sosai za ta gani. Na fitila kuwa, ka kashe ta ka gwada. In ya gyaru, to ƙwan nan ne mai murɗaɗɗen gilashi ko doguwar fitilar nan, wasunsu suna ƙyaftawa kusa da saurin telekomandi su rikita idon dekoda. Ka sauya da ƙwan LED, ko ka mayar da shi inda haskensa ba ya faɗa wa fuskar dekodar. Ka kuma goge fuskar da tsumma, na san ƙurar Tibiri.