Sabar mai IPv6 kaɗai: ta yaya masu IPv4 za su iske ta?

Tambaya: Na yi hayar sabar mai rahusa domin ɗora shafin kasuwancina, sai daga baya na lura adireshin IPv6 (sabon tsarin adireshin intanet, magajin IPv4) kawai aka ba ni. Wasu abokan cinikina suna kukan cewa shafin ba ya buɗuwa a wayoyinsu. Shin zan iya kafa doka a iptables, manhajar katangar tsaro ta Linux, da za ta riƙa karkatar da zirga-zirgar IPv4 zuwa IPv6, kamar yadda ake karkatar da wata ƙofa zuwa wata?

Amsa: Malam, iptables ba za ta yi maka wannan aikin ba, kuma dalilin yana cikin ginin tsarukan biyu. IPv4, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a 1981, adireshinsa bit 32 ne, wato kimanin adireshi biliyan 4.3, shi kuwa IPv6 bit 128 ne. Kan fakitin, wato bayanan da ke gaban kowane ƙunshin saƙo, shi ma ya bambanta: na IPv4 yana farawa daga bayit 20, na IPv6 a tsaye yake kan bayit 40. Wayar da IPv4 kaɗai ta sani ba ta ma da gurbin da za ta rubuta adireshin sabarka, balle ta aika mata saƙo. Dole sai an sami tafinta a tsakiya, wato wata na'ura mai adireshin tsarukan biyu.

Ga matsalarka, hanya mafi sauƙi ita ce ka sami ƙaramar sabar mai IPv4 da IPv6 duka, ka ɗora mata HAProxy ko nginx, manhajojin da ke karɓar haɗi su miƙa shi ga wata sabar. A DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi, sai ka nuna rikodin A (na IPv4) zuwa wannan ƙaramar sabar, rikodin AAAA (na IPv6) kuma ya tafi kai tsaye zuwa babbar. Idan mai IPv4 ya zo ƙofa ta 443 (ƙofar HTTPS), haɗinsa a kan ƙaramar sabar yake ƙarewa, ita kuma ta buɗe sabon haɗi ta IPv6 zuwa wurinka, ta riƙa kai da kawo bayanai tsakaninku. Cloudflare ma tana yin irin wannan aiki ga shafukan yanar gizo, in ba ka son kula da sabar ta biyu. Sai dai ka kiyaye abu guda da mutane ke yawan mantawa: babbar sabar za ta riƙa ganin kowane baƙo mai IPv4 da adireshin ƙaramar, don haka sai ka kunna X-Forwarded-For ko ƙa'idar PROXY, hanyoyin da ƙaramar ke sanar da babbar ainihin adireshin baƙo, in ba haka ba rajistarka ba za ta nuna maka ainihin mai shigowa ba, kuma ranar da ka toshe ɓata-gari ɗaya, duk masu IPv4 ka toshe.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba ka tambaya ba, amma na tabbata za ka ci karo da shi, wato lokacin da sabarka ce ke neman wani shafi mai IPv4 kaɗai, misali wajen sauke manhaja. A nan ne NAT64 da DNS64 suke da amfani, waɗanda aka fitar da ƙa'idojinsu a 2011. Tun da bit 128 na da yalwa, ana iya cusa adireshin IPv4 gaba ɗaya a wutsiyarsa. DNS64 yana ƙirƙiro adireshi da ya fara da 64:ff9b::/96, sai 8.8.8.8 ya koma 64:ff9b::808:808, na'urar NAT64 kuma ta ciro bit 32 na ƙarshe, ta sake rubuta kan fakitin, ta tura shi a IPv4. Wannan dabara ba ta juyuwa, domin babban adireshi ba ya shiga cikin ƙarami, shi ya sa take aiki idan ɓangaren IPv6 ne ya fara kira, ba ta kuma warware kukan abokan cinikinka sai an ware maka adireshin IPv4 na dindindin a na'urar fassarar. Ka tambayi kamfanin da ka yi haya ko yana da NAT64. A Linux kuwa Jool da Tayga suna yin sa.

Wani zai ba ka shawarar rami irin 6in4. Kada ka ɓata lokaci, domin aikinsa ɗaukar fakitin IPv6 a cikin cikin IPv4 ne, kuma sai duka ƙarshen biyu sun san IPv6.

A ganina bai dace ka zargi mai ba ka haya da rowa ba. IANA, hukumar da ke rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar adireshin IPv4 da ke hannunta a Fabrairun 2011, AFRINIC mai kula da Afirka ma ta shiga matakin tsuke rabo a 2017, don haka adireshin ya zama abin saye.

Bayan ka gama haɗawa, kada ka toshe ICMPv6, wato saƙonnin sanar da matsala na IPv6, a katangar tsaronka. Rauta, na'urar da ke tura fakiti a hanya, a IPv6 ba ta datsa fakitin da ya yi girma, saƙo take mayarwa cewa a rage shi, kuma mafi ƙarancin girman da kowace hanya ta wajaba ta ɗauka bayit 1280 ne. Idan saƙon bai iso ba, za ka ga shafin ya fara buɗuwa sannan ya maƙale a kan hotuna. Ka gwada da manhajar sauke fayil ta curl, wato curl -4 (ta IPv4) da kuma curl -6 (ta IPv6), ka tabbatar kowanne ya sauke babban fayil har ƙarshe.