DH a besbol: inda rigimar ta samo asali da yadda ƙungiya ke rasa shi

Malam, tambayarka biyu ce a haɗe: me ya sa mai jifa ba ya riƙe sanda yanzu a babbar gasar besbol ta Amurka, kuma masu cewa dokar DH (designated hitter, wato mai bugu a madadin mai jifa) ta ɓata wasan suna da hujja ko kewar da ce kawai ke damunsu?

Asalin tsarin, mutum tara ne a fili, kuma su tarar nan ne ke bin layi su yi bugu, har da mai jifa. DH shi ne na goma. Ba ya tsaron fili, aikinsa ya buga a gurbin mai jifa sau huɗu ko biyar a wasa, sauran lokacin yana benci.

Ƙarancin maki ne ya kawo shi. A 1968 masu jifa suka danne wasan, har Carl Yastrzemski ya zama zakaran bugu na American League, ɗaya daga rukunoni biyu na babbar gasar, da .301 kacal, wato nasara kusan 30 cikin 100. Shekara ta gaba aka rage tudun jifa daga inci 15 zuwa 10, bai wadatar ba, sai American League ta karɓi DH a 1973. Ron Blomberg na ƙungiyar New York Yankees ne ya fara, ran 6 ga Afrilu a filin Boston. National League, ɗaya rukunin, ta ce a kai kasuwa. Sai a gajeriyar kakar korona ta 2020 ta ɗana, ta koma tsohon tsari a 2021, sannan ya zama doka ga kowa daga 2022.

To, masu adawa ba surutu kawai suke yi ba. Ɗauki zagaye na shida cikin tara a tsohon tsarin National League. Ana 1 da 1, an fitar da mutum biyu, kana da 'yan wasa a tasha ta biyu da ta uku. Mai bugu na takwas ya fito, abokan hamayya suka sallame shi tasha ta farko da gangan, don sun san na tara mai jifarka ne. Ya yi jifa 85, hannunsa bai gaji ba. In ka bar shi ya buga, da wuya a ci komai. In ka sa wani ya buga masa, ya fita daga wasan ke nan, ba ya dawowa, sauran zagaye uku sun koma hannun masu jifa na benci. Gaba kura, baya sayaki, kuma duk wanda ke filin yana lissafin tare da koci. Akwai kuma canji biyu lokaci guda: a cire mai jifa tare da mai tsaron da bai daɗe da bugawa ba, sabon mai jifa ya ɗauki gurbin mai tsaron a layi, sabon mai tsaro ya ɗauki gurbin mai jifa. Haka ake nisanta mai jifa daga sanda. DH ya kashe wannan dabarar kusan gaba ɗaya, kuma asara ce ta gaske.

Amma ni a ganina abin da ake kuka a kai ya riga ya mutu tun kafin 2022. A 2021 masu jifa sun buga kusan .110, wato nasara 11 cikin 100, alhali matsakaicin gasar ya haura .240. Ba ragwanci ba ne. Yaro mai hannun jifa yakan ajiye sanda tun a jami'a ko ƙananan gasa, inda DH ya daɗe da zama, sai a tsayar da shi gaban ƙwallo mai gudun mil 95 a awa. Ga rauni: Chien-Ming Wang na Yankees ya ji ciwo a ƙafa yana gudu tsakanin tashoshi a Houston a 2008, Adam Wainwright ya tsinke jijiyar dunduniya yana barin wurin bugu a 2015. Hom ron ɗin (bugun da ke tsallake katangar fili) da mai jifa Bartolo Colon ya buga a 2016 yana ɗan shekara 42, abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne ba wanda ya zata.

Inda sababbin masu kallo ke rikicewa shi ne sharuɗɗan dokar DH, wato doka ta 5.11 a kundin dokokin wasan. Dole a rubuta DH a takardar layi kafin a fara. Gurbinsa a layi ba ya motsi. In wani ya buga masa ko ya yi gudu a madadinsa, wannan ya zama sabon DH. Amma in DH ya shiga tsaron fili, ƙungiya ta rasa DH har ƙarshen wasa, mai jifa zai buga a gurbin wanda aka cire. Haka ma in mai jifa ya koma wani wurin tsaro. Shi ya sa koci ke jin tsoron sa na biyu cikin masu kamun ƙwallo a bayan mai bugu a matsayin DH: in na farko ya ji rauni, shigar da na biyun zai ci masa DH. Kuskuren biro ma na jawo haka. A Mayun 2009 Tampa Bay ta rubuta Evan Longoria da Ben Zobrist duka a tasha ta uku, ba DH a takarda, sai mai jifa Andy Sonnanstine ya buga a gurbi na uku. Ya ma buga ƙwallon da ta kawo maki, suka ci Cleveland.

Sauyin 2022 ya zo da ƙari guda saboda Shohei Ohtani, ɗan wasan da ya ƙware a jifa da bugu duka: mai jifan farko zai iya zama DH na kansa, kuma in an cire shi daga tudu yana ci gaba da bugu. A 2024 bai yi jifa ko ɗaya ba saboda aikin da aka yi masa a gwiwar hannu, a DH ya ƙare kakar da hom ron 54 da satar tasha (gudu zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba) 59, ya ɗauki kyautar gwarzon National League, gasar da ta shafe kusan shekara 50 tana ƙin dokar.