Ina ake samun fatar doki, kuma me ake ɗinkawa da ita?

Malam, ka tambayi inda za ka sami jemammiyar fatar doki da irin aikin da ta dace da shi. Samunta yana da wuya a wajenmu, domin majemanmu sun fi jeme fatar akuya da ta tunkiya da ƙirgin shanu, saboda haka ko a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ba lallai ne ka dace ba. Yawancinta daga ƙasashen da ake cin naman doki take fitowa, kamar Faransa da Italiya.

Fatar gaban jiki tana da ƙarko, da ita ake ɗinka riguna da jakunkuna. Amma abin da ya fi daraja shi ne wani sashe mai tauri da santsi na fatar kuturi, wanda ake kira kodoban. Kamfanin jima na Horween da ke birnin Shikago a Amurka, wanda aka kafa a 1905, yakan ɗauki kusan wata shida yana sarrafa shi. Yana da tsada ƙwarai, don haka shawarata ka fara da guntaye, ka ɗinka walat ko maɗaurin agogo. Ka wasa wuƙarka sosai, kuma ka huda ramukan ɗinki tukuna, domin basilla ba ta ratsa shi da sauƙi.