Filin Tambaya da Amsa: Baje Kolin Zane-zane a Legas, Daga Ina Za a Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce mai koyar da zane a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a nan Bauchi, kuma in Allah Ya yarda zan je Legas wajen ƙanwata da ke aure a can kafin shekara ta ƙare. Na daɗe ina jin labarin baje kolin zane-zane da ake yi a garin, amma ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Wanne ne ke tafe, yaushe ya kamata in sa ranar tafiya, kuma mene ne bambancin zane iri biyu da ake ambata a sanarwa, waɗanda mu duka muke ce wa na zamani? Daga Malamar zane, unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya kai ki lafiya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce za ta sa ki gane abin da za ki tarar a bango idan kin shiga. Masana sun raba zanen zamani gida biyu. Na farko, wanda za mu iya kira zanen sabon salo, ya faro ne a Turai daga wajejen ƙarshen ƙarni na 19 ya kai shekarun 1960, lokacin da masu zane suka daina ɗaukar kwaikwayon kamannin abu a matsayin iyakar gwaninta. Na biyu shi ne zanen wannan lokaci, wato aikin waɗanda suka biyo baya, galibinsu suna raye, kuma ba su tsaya ga fenti da buroshi kawai ba.

A ƙasarmu, gida na farko yana da saiwa a Arewa fiye da yadda mutane da yawa suke zato. A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ce za su karɓi dabarun da malamansu Turawa suke koya musu, amma abin da za su zana da yadda za su tsara shi daga gida za su ɗauko, abin da ya sa aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Haka kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta ɗora zanen tukwanen Gwari a kan sabuwar hanyar gasa tukwane. Zamanin waɗannan mutanen ne gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya keɓe wa babban baje koli da aka buɗe a watan Oktoba na 2025.

Misalin gida na biyu kuwa shi ne El Anatsui, ɗan ƙasar Gana da ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a jami'ar Nsukka. Daga nesa aikinsa kamar wani ƙaton zane ne mai ruwan zinariya da aka rataye, yana lanƙwasa kamar babbar riga a jikin mai ita. Sai kin matso har numfashinki ya kusa taɓa shi za ki ga ashe marafan kwalabe ne dubbai, an daddaƙe su sun baje, an huhhuda, an ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da siririyar wayar jan ƙarfe. Ki riƙe wannan dabara ta kallo sau biyu, nesa sannan kusa, za ta yi miki amfani a duk ɗakin da kika shiga.

Game da lokaci, idan da hali ki sa tafiyarki a farkon Nuwamba. A lokacin ne aka saba yin ART X Lagos, wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016, ana kuma yin sa a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island. Sai dai ki sani kasuwa ce, ba gidan tarihi ba: dillalan zane daga ƙasashe dabam-dabam suke kama rumfuna na 'yan kwanaki, da tikiti ake shiga, kuma cunkoso yakan hana mutum tsayawa gaban abu ɗaya yadda yake so. Amfaninsa babba shi ne sauran ɗakunan baje koli na garin sukan buɗe sababbin ayyukansu a makon, don su samu rabonsu na baƙi. Akwai kuma bikin hotuna na LagosPhoto da ya faro a 2010, wanda ya saba faɗowa wajejen ƙarshen shekara, da kuma baje kolin zane-zane na Lagos Biennial da aka fara a 2017. Lagos Biennial na 2024 an yi shi ne a dandalin Tafawa Balewa, don haka ko a can ma mutumin Bauchi ba baƙo ba ne ƙwarai.

Shawarata, wadda na san wasu abokaina ba za su yarda da ita ba, ita ce kada ki fara da kasuwar. Wanda bai ga aikin iyaye ba, aikin 'ya'ya zai zo masa kamar magana daga tsakiya. Ki fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, inda za ki ga kayan Nok da na Ife da na Benin, ga kuma Anyanwu na Ben Enwonwu a jikin ginin, siffar tagulla doguwa siririya mai miƙe da hannuwa. Daga nan ki ware yini guda cur domin gidan Yemisi Shyllon da ke cikin Jami'ar Pan-Atlantic a Ibeju-Lekki, wanda aka buɗe a 2019 da ayyuka 1,000 da mai sunan ya bayar kyauta. Yana da nisa, hanyar Epe kuma ba ta da tabbas wajen cunkoson motoci, amma a ganina babu inda malamar zane za ta ga tsohon aiki da sabo a jere cikin natsuwa kamar can. A hanyar dawowa ki biya gidan zane na Nike Davies-Okundaye a Lekki, bene mai hawa da yawa da aka cika maƙil har gefen matakala.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai shi ne ranaku. Na taɓa kashe kusan awa uku a hanya zuwa wani ɗakin baje koli saboda sanarwar da na gani tun wata guda kafin nan, na tarar da ƙofa a rufe, kafintoci na ciki suna buga ƙusa, an ɗage buɗewar ba tare da an canza sanarwar ba. Ki sa ƙanwarki ta duba shafin kowane gida a intanet ko a Instagram ana gobe za ku je, ta kuma buga waya, musamman idan ranar Litinin ce, domin gidaje irin waɗannan da dama ba sa buɗewa ranar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina rubutun alluna na shaguna, ina kuma yin zayyanar allo ga masu saukar Alƙur'ani. Ba na zana mai rai. Shin akwai gurbin irina a wannan harka, ko kuwa sai wanda ke zana fuskokin mutane? Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Hukuncin zana mai rai magana ce ta malamai, ba ta wannan fili ba. Abin da zan iya tabbatar maka shi ne babban kaso na abin da ake ratayewa a gidajen nan babu fuska a cikinsa, launi ne da layi da siffa, kuma wanda ya ƙware a zayyana, ya san dagi da aska takwas da adon bangon soro, ya riga ya mallaki rabin kayan aikin. Abin da ya rage shi ne ka fitar da hannunka daga aikin oda ka yi naka na kanka, a kan takarda mai kauri ko ƙyalle, ka tara kamar guda goma masu zance ɗaya, ka ɗauke su hoto da hasken rana. Ba sai ka kai Legas ba tukuna. Sashen koyar da zane na jami'ar Zariya ya fi kusa, kuma ɗalibansa sukan baje ayyukansu na kammala karatu.

Ka nemi hotunan aikin Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930, wanda mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan, ya koma gida ya ga mutanensa ba su damu da abin da ya koyo ba, sai ya koma ga haruffan Larabci da ya tashi da su yana warware su yana gina siffofi, har Tate Modern ta yi baje kolin ayyukan rayuwarsa a 2013. Yana da ayyuka masu fuskoki, amma wanda nake so ka duba shi ne jerin da ya yi a kan wata bishiya da suke kira haraza, layuka ne miƙaƙƙu da aka ja da tawada mai launi cikin haƙuri. Bishiyar nan ka san ta, ka sha wuce ta a gonakin hanyar Dukku: gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani.